Yadda ake aiki da kalar oksaid mai tsaba wajen buga intalok

Jan intalok da ake shimfiɗawa a harabar masallaci ko gidan mai, da jan fentin da masu walda ke fara shafa wa ƙofar ƙarfe don kada ta yi tsatsa, asalinsu ɗaya ne: oksaid ɗin ƙarfe. Tsatsa ce, amma wadda aka sarrafa a masana'anta aka tace ta. Sinadarin da ya sa marmara da jar ƙasarmu suka yi ja ke nan. Ruwa ba ya narkar da ita, rana ba ta kashe ta, kaifin siminti kuma ba ya cin ta. Shi ya sa ta zama kalar magina a ko'ina.

Kala huɗu take zuwa: ja, ruwan ɗorawa, baƙi, da ruwan ƙasa wanda haɗin waɗannan ne. Kore da shuɗi ba na ƙarfe ba ne, wasu sinadarai ne masu tsada, kada mai shago ya ce maka duk abu ɗaya ne. Tana zuwa a gari, tana kuma zuwa a tsaba, ƙananan ƙwayoyi kamar garin kwaki mai laushi. Tsabar ta fi daɗin aiki, domin ba ta tashi sama ta cika hanci, ba ta manne wa buhu, tana zuba a sikeli kamar sukari. Sai dai tana da sharaɗi ɗaya: dole kowace ƙwaya ta fashe a cikin kwaɓi. Wadda ba ta fashe ba kuɗinta ya tafi a banza, kuma za ta bar ɗigo ko zane a fuskar intalok. Yawancin intalok ɗin da ake cewa kalarsa ta koɗe, ba kalar ce ta gaza ba. Awo ne aka yi da ido, ko ruwa ya yi yawa, ko tsabar ba ta fashe ba.

Kayan da za ka tanada

Sikeli biyu: babba mai ɗaukar kilo 50 zuwa sama, da ƙarami irin na masu awon kayan kek, mai nuna giram. Idan kuɗi bai kai ba, fara sayen ƙaramin, shi ne na kala.

Siminti iri ɗaya daga farkon aiki har ƙarshe. Mu nan Sakkwato na Kalambaina ne ya fi kusa, ruwan toka ne, kuma ja da baƙi da ruwan ƙasa suna fita da kyau a kansa. Ruwan ɗorawa mai haske sai da farin siminti; a kan mai ruwan toka yakan fito da duhu-duhu.

Yashi mai kaifi, tankaɗaɗɗe, ba laka. Garin dutse. Tsakuwa ƙanana da ba su wuce milimita 10 ba. Ruwa mai tsabta da jarka mai alamar lita. Injin kwaɓi, teburin girgiza, mol na roba, kwanon sarki, shebur, cokalin gini, baro, leda mai faɗi ko tampol, da rumfa.

Na kare jiki: takunkumi mai lamba N95 ko FFP2, tabarau mai rufe gefe, safar hannu ta roba mai kauri, takalmin roba dogo, da bokitin ruwa mai tsabta da ba a taɓa shi sai don wanke ido.

1. Gwada kalar kafin ka sayi da yawa

Sayi kilo ɗaya tukuna. Zuba cokali guda a kofin gilas mai ruwa, ka motsa, ka bari ya kwana. Oksaid na gaskiya zai kwanta a ƙasa, ruwan da ke samansa ya washe. Idan da safe ruwan na nan jawur kamar zoɓo, an haɗa da rini, kuma rini ba ya jure ranar Sakkwato.

Ɗiga ruwan lemon tsami a kan ɗan kaɗan a faranti. Idan ya yi kumfa yana tsiyaya, an cakuɗa da alli don ƙara nauyi. Baƙi kuma gwajinsa mayen ƙarfe ne: baƙin oksaid yana bin sa, ya manne. Wanda bai bi ba, mai sauƙi kamar toka, mai yawo a saman ruwa, baƙin hayaƙi ne. Ranar farko ya fi kowa baƙi, amma iska da ruwa suna wanke shi daga fuskar kankare a hankali har a koma ruwan toka.

Duba buhun. Ya kamata a ga sunan kamfani, lambar kala da lambar zubi. Rubuta lambar kalar a littafi, domin ja ba ɗaya ba ne: akwai mai karkata zuwa ruwan goro, akwai mai duhu kamar hanta. In aikin babba ne, sayi duk abin da zai ishe ka lokaci guda.

2. Yi lissafi a kan nauyin siminti

Ana auna kala da nauyin siminti ne kawai, ba da yashi ko tsakuwa ba. Abin da aka saba shi ne kashi 3 zuwa 5 cikin 100. A buhun siminti mai kilo 50, kashi 3 kilo 1.5 ne, kashi 4 kilo 2, kashi 5 kilo 2.5. Daga wajen kashi 6 zuwa sama kalar takan ƙoshi, ƙarin da ka yi ba zai ƙara wani ja da ido zai gani ba. Kada ka haura kashi 10 ko wane ne ya matsa maka, domin garin kala mai laushi ne ƙwarai, yana shan ruwa, ƙarin ruwa kuma yana rage ƙarfin kankare.

Kada ka kwaɓa kala a duk kaurin intalok. Fuska ce ake gani. Intalok mai kaurin milimita 60, na tafiyar ƙafa da ƙananan motoci, da mai 80 na inda manyan motoci ke bi, duk fuskar santimita ɗaya ta ishe su. Buhun siminti ɗaya da kwanon sarki huɗu na yashi yana ba da fuskar da za ta rufe kusan murabba'in mita 7. Ke nan a kashi 4, buhun kala mai kilo 25 zai yi buhun siminti 12 da rabi, wajen murabba'in mita 90. Da a ce duk kaurin ka sa wa kala, da ka ci ninki uku na wannan.

Gwangwanin madara ko na tumatir ba ma'auni ba ne. Tsaba ta fi gari nauyi a gwangwani ɗaya, ja kuma ya fi ruwan ɗorawa nauyi nesa ba kusa ba. In babu makawa sai da gwangwani, auna kilo 2 a sikelin wani sau ɗaya, ka zuba a roba, ka yanke robar daidai inda ya tsaya. Robar ta wannan kalar ce kaɗai.

3. Buga samfuri

Auna siminti kilo 1, yashi kilo 2, ruwa mililita 400, sau uku. Na farko sa kala giram 30, na biyu 40, na uku 50. Zuba kowanne a mol, ka rubuta lamba a bayansa. Kada ka yanke hukunci a kan ɗanye, domin jiƙaƙƙen kankare kullum ya fi busasshe duhu da kyau. Jira kwana 7, ka fito da su rana, ka kira mai aikin ya zaɓa da idonsa. Wanda ya zaɓa ka ajiye shi a ofis. Ranar da aka zo ana cewa ba wannan jan aka yi magana ba, shi zai raba gardama.

4. Jerin zubi a inji

Nan ne aikin yake. Tsabar ba ta fashewa da kanta, gogayya da yashi da garin dutse ce ke murƙushe ta, ɗan danshi kuma yana taimakawa. Idan siminti ya riga ta shiga, zai lulluɓe ƙwayoyin ya yi musu riga, su ƙi fashewa. Saboda haka jerin shi ne: yashi da garin dutse, sai kala, sai ɗan ruwa, sai siminti, sai ragowar ruwa.

Zuba kwanon sarki huɗu, uku na yashi ɗaya na garin dutse mai ɗan tsakuwa. Kunna inji, ka zuba kalar a hankali a tsakiya, ba a jikin bango ba. In yashin ya bushe ƙamas, kamar yadda yake yi daga Nuwamba har zuwa Mayu, yayyafa lita 2 daga cikin ruwan da ka auna. Injin da ke da kasko da hannaye masu juyawa minti ɗaya ya ishe shi. Mai ganga, irin wanda ya fi yawa a wurarenmu, ba shi da ƙarfin murza, ba shi minti 2 zuwa 3. Tsayar da inji, ka ɗebo kaɗan, ka murza a tafin safar hannu. Yashin ya zama kala ɗaya, babu ƙwayar da ke fashewa a ƙarƙashin yatsa. Sai ka sa siminti, ya juya rabin minti, sannan ruwa.

Ruwa lita 20 zuwa 22 ga buhu ɗaya, har da wanda ka yayyafa tun farko. Da damina yashin gulbi yana zuwa a jiƙe, rage lita 2 ko 3 ka duba. Ka sani kowace lita da aka ƙara tana sa kalar ta yi haske. Leburan da ya ga kwaɓi ya yi masa tauri ya kamfato ruwa da kwano ya watsa, shi ne ya jawo maka tsakar gida mai kala biyu, rabi ja rabi ruwan hoda. Mutum ɗaya za ka ɗora a kan ruwa da kala, kada kowa ya taɓa. In ana son kwaɓi ya yi laushi ba tare da ruwa ba, akwai maganin sassauta kankare da ake sayarwa a jarka. Bi awon da ke jikinsa.

Bayan ruwa, minti 3. Duk kwaɓin da za a yi ranar, da na gobe, lokacinsu ya zama ɗaya. Kafin a juye, ɗebo a cokalin gini ka shafa da ƙarfi a kan katako. Idan ka ga zane-zanen ja mai duhu sun biyo bayan cokalin kamar jelar tauraro, tsaba ce ba ta gama fashewa ba. Ƙara minti ɗaya ka sake gwadawa.

Idan babu inji, ko wuta ta ɗauke kuma janareto ya ƙi tashi, shebur ba zai fasa tsaba ba ko an kwana ana juyawa. Jiƙa ta. Zuba kilo 2 a bokiti da lita 4 daga ruwan awo, ka bari minti 15, ka dama da muciya har ta zama kamar kunu mai santsi, ka tace ta rariyar waya kana murza abin da ya rage. Zuba wannan a kan yashi, a juya har ya haɗu, sannan siminti. Dama kafin kowane zubi, domin oksaid yana da nauyi, yana kwanciya nan da nan. Mai kwaɓi da hannu kullum gara ya sayi gari, tsaba ta injin ce.

5. Zubi a mol

Mol ya zama a wanke, a bushe. Baƙin man inji da ake shafawa shi ne babban mai ɓata fuskar intalok: yana barin tabo, yana kuma jawo ƙananan ramuka. In babu man mol na musamman, ɗan man girki a tsumma ya wadatar, shafa ɗaya siririya, kada ya taru a kusurwa.

Zuba kwaɓin fuska kaurin santimita ɗaya da ludayi ɗaya ga kowane mol. Girgiza daƙiƙa 15 zuwa 20, har kumfar iska ta daina fitowa. In ka zarce, ruwa da siminti su rabu da yashi, fuskar ta fito da gajimare-gajimare. Sannan cika da kwaɓin baya: buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, shida na tsakuwa, babu kala. A sake girgizawa, a share baya da cokali.

Kada tsakanin fuska da baya ya wuce minti 20. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ma fi kyau a bi da baya nan take. Idan fuskar ta fara kamawa kafin baya ya hau, ba za su haɗe ba, bayan wata biyu tayar mota ta ɓare ta kamar ɓawon ƙwai. A watannin Maris zuwa Mayu fara aiki bayan asuba, ka tsaya kafin azahar, yashi da ruwa kuma su zauna a inuwa.

6. Jinya

A jera mol a rumfa a kan ƙasa mai daidai, a rufe da leda, su yi awa 24. Da sanyin hunturu ƙara rabin yini. A cire a hankali, a jingina su a tsaye bisa katako, da ɗan tsakani.

Al'adar da aka saba ita ce a kama tiyo ana feshe su safe da yamma. Ga bulo babu laifi, ga intalok mai kala kuwa ita ke kawo farin garin nan da ke rufe fuska kamar an barbaɗa kanwa. Ruwan da ya kwanta a fuska yana jawo farar ƙasar da ke cikin siminti zuwa waje, ta haɗu da iska ta zama alli. Abin da kankare ke so danshi ne, ba wanka ba. Jiƙa ƙasan rumfar da buhunan algarara, ka yi wa jerin tanti da leda ta yadda ba za ta taɓa fuskar ba, ka danne gefuna da bulo don iskar hunturu kada ta shiga. Inda leda ta manne wa fuska, nan zai yi duhu dabam. Kwana 7 a haka shi ne mafi ƙaranci, mota kuma kada ta hau sai an cika 28.

In farin ya riga ya fito, kada ka tsorata mai gida, ba kalar ce ta mutu ba, tana nan a ƙasa. Buroshi mai tauri a bushe yana rage shi, damina ɗaya kuma takan wanke mafi yawansa. Wanda ya ƙi, bayan kwana 28 a jiƙa wurin sosai, a wanke da asid ɗin wanke tayil kashi 1 cikin ruwa kashi 20, a ɗauraye nan take da ruwa mai yawa. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Fara gwadawa a lungu. Ruwan batir kuwa kada ya kusanci wurin.

Wajen shimfiɗa, a riƙa ɗebowa daga jeri uku ko huɗu lokaci guda ana gauraya su. Ɗan bambancin da ke tsakanin bugun Litinin da na Alhamis sai ya bazu, ido ba zai kama shi ba.

7. Kare kai da yaran aiki

Oksaid ɗin ƙarfe ba guba ba ne mai kashewa nan take, kuma wannan ne ke sa a raina shi. Ƙurarsa tana taruwa a huhu idan aka shekara da shekaru ana shaƙa, har ta riƙa fitowa a hoton ƙirji. Ƙurar yashi da garin dutse da ke tashi tare da ita ta fi ta haɗari, ita ce ke taurara huhu, kuma ba ta da magani. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙura mai laushin nan. Duk wanda ke bakin inji lokacin zubi, da mai yanka intalok da injin yanka, takunkumi dole ne, yankan kuma a yi shi da ruwa. Tsaya ta inda iska ke fitowa, ka yanka bakin buhu da wuƙa, ka sauke shi kusa da abin da kake zubawa. Kada a kakkaɓe buhun da ya ƙare.

Abin da ya zube a kwashe da shebur, ragowar a yayyafa ruwa a share a jiƙe. Tsintsiya a busasshen wuri tana mayar da tsaba gari ne ta watsa wa kowa. Ruwan wanke inji a tara shi a rami ya kwanta, kada a sake shi a kwata, zai rina bangon maƙwabta har ƙarshen layi.

Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali ba tare da an ji ba, kala kuma tana ɓoye jan da fatar ta yi, sai dare yaro ya cire takalmi a ga ƙafa ta saɓule. In kwaɓi ya shiga takalmi ko safa, a cire a wanke a lokacin. In ya shiga ido, ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa, ba murzawa, sannan asibiti. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da alwala, ba da fetur ko kananzir ba. Tufafin aiki su kwana a wurin aiki.

8. Ajiya

A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, kada jeri ya yi tsawo har na ƙasa su murƙushe su koma gari. Danshi yana dunƙule tsaba, don haka buhun da aka buɗe a ɗaure bakinsa. Baƙin oksaid shi ne mai buƙatar lura: idan zafi ya haura digiri 80 yana iya fara ɗaukar zafi da kansa har ya kama buhu da katako. Kada a ajiye shi kusa da salansar janareto, murhu ko wurin walda. Ruwan ɗorawa ma yana juyewa ja idan ya kai wajen digiri 180, shi ya sa ba a sa shi a abin da za a gasa.

Idan kuna raba fili da masu tagogin alminiyam, a raba shara. Garin alminiyam da oksaid ɗin ƙarfe in suka haɗu suka samu tartsatsi, wuta ce mai narkar da ƙarfe, ruwa kuma ba ya kashe ta. Haka nan kada a haɗa sito ɗaya da farin garin kulorin na tsaftace ruwa ko da asid.

Wasu tsabar da ba na kala ba

Za ka iya cin karo da buhun tsabar oksaid da ba ta gini ba ce. Akwai wadda ake cika tankin tace ruwa da ita don ta kama guba irin su asenik, akwai kuma wadda masu haɗa gas daga kashin shanu ke sawa a bututu ta tsotse iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Waɗannan an yi su ne don kada su fashe, saboda haka ba za su ba ka kala ba. Wadda ta gama aiki kuma kada ka karɓa ko kyauta ce: ta tankin ruwa tana ɗauke da gubar da ta kama, ta gas kuma da zarar ta sha iska tana yin zafi har ta iya kamawa da wuta. Mai sauke ta gas ɗin ya jiƙa ta sharkaf tun tana cikin bututu, ya baza ta siriri a fili a kan ƙasa, nesa da ciyawa da itace, yana yayyafa ruwa har ta huce gaba ɗaya.